GAJIYA MAI TSANANI A LOKACIN JUNA BIYU: DARASI DOMIN IYAYE MATA MASU SHEKARU DA YAWAN HIDIMA

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowace mai karatu ta iya yin abubuwa huɗu: ta bayyana dalilan da suke sa mai juna biyu gajiya; ta bambanta gajiyar da aka saba da ita da wadda take nuna ciwo; ta tsara abincinta, barcinta da aikinta yadda ƙarfinta zai kai ta ranar haihuwa; ta kuma san taimakon da ya kamata ta nema daga maigida, yara da 'yan'uwa a zumunta.

Gabatarwa

A cikin kowace ikilisiya akwai matan da suka sami juna biyu bayan sun haura shekara 35, waɗansu ma sun kai 40. Wata cikin fari ne, bayan ta daɗe tana jira. Wata kuwa na biyar ne ko na shida, ya zo a lokacin da ta ɗauka ta gama haihuwa. Yawancin waɗannan mata su ne ginshiƙan gidajensu. Suna koyarwa a makaranta, ko suna da rumfa a kasuwa, ko suna da gona. Suna da yara 'yan makaranta, suna kuma kula da tsofaffin iyaye. Idan irin wannan mace ta ce ta gaji, amsar da takan samu ita ce, "Ai ba yau kika fara ba." Sai ta yi shiru, ta ci gaba da jan jiki.

Wannan shiru yana da haɗari. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2023 'yan Nijeriya ne. Da yawa daga cikin cututtukan da suke kai ga wannan rashi sukan fara nuna kansu ta hanyar kasala da gajiya, makonni kafin a kai ga gaggawa. Domin haka ya dace mu zauna mu yi nazarin wannan al'amari da kyau.

1. Me Ya Sa Ciki Yake Kawo Gajiya?

Tun daga makonnin farko jikin mace yakan shiga wani babban aiki wanda ido ba ya gani. Wani sinadari mai suna firojestaron yakan ƙaru ƙwarai domin ya riƙe cikin, shi ne kuma yake kawo nauyin jiki da yawan jin barci. A daidai wannan lokaci jiki yana gina mabiyiya, wadda ta hanyarta jariri zai riƙa samun abinci da iska. Ga laulayi da amai da suke hana cin abinci. Shi ya sa mace takan ji kamar ta wuni a gona alhali ba ta fita ƙofar gida ba.

Daga wata na huɗu zuwa na shida yawancin mata sukan sami sauƙi. Amma aikin da ke gudana a ciki bai ragu ba. Jinin da ke zagayawa a jikin mai juna biyu yakan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi a dā, bugun zuciyarta kuma yakan ƙaru da kamar 10 zuwa 20 a kowane minti. Ruwan jinin ya fi ƙwayoyinsa saurin ƙaruwa, saboda haka jinin yakan ɗan tsinke ko da mace tana da lafiya.

A watanni uku na ƙarshe gajiyar takan dawo da wata kama. Nauyi ya ƙaru, baya yana ciwo, mahaifa ta danne mafitsara har mace ta tashi sau uku ko huɗu da dare, ga ƙwannafi, ga damƙar jijiyar ƙafa. Barcin da aka yanka gunduwa gunduwa ba ya wartsakar da jiki.

Duk wannan gajiya ce ta gaskiya. Wadda take fama da ita ba ragguwa ba ce, kuma bai kamata a sa ta jin kunya ba.

2. Abin da Shekaru da Yawan Haihuwa Suke Ƙarawa

Mata da yawa sukan yi mamaki, suna cewa, "Da cikin farina har ranar naƙuda ina daka, me ya same ni yanzu?" Akwai amsoshi uku.

Na fari, ajiyar jiki ta ragu. Kowane ciki yana cin kimanin miligiram 1,000 na sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki yake yin jini. Macen da ta haihu sau huɗu ko biyar, musamman idan haihuwar kusa da kusa ce, ko ta taɓa zubar da jini da yawa, takan shiga sabon ciki da rumbu wanda ya kusa ƙarewa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki.

Na biyu, bayan shekara 35 waɗansu matsaloli sukan fi yawa: hawan jini, ciwon sukari na lokacin ciki, ɓari, saukowar mabiyiya zuwa bakin mahaifa, da haihuwa ta hanyar tiyata. Samun tagwaye ma ya fi yawa a waɗannan shekaru, cikin tagwaye kuwa ya fi cin ƙarfi da jini. Macen da ta riga ta haihu sau biyar ko fiye tana kuma cikin waɗanda ake yi wa tsoron zubar jini bayan haihuwa. Kada wannan ya firgita kowa, gama yawancin mata masu waɗannan shekaru suna sauka lafiya. Abin da ake nufi shi ne su fi sauran kula da zuwa awo.

Na uku, kayan da ke kanta ya ƙaru. Mu ɗauki misalin mace mai shekara 38 da yara huɗu. Ta tashi da ƙarfe biyar na asuba, ta ɗora ruwa, ta shirya yara, ta tafi wurin aiki, ta biya kasuwa, ta dafa tuwon dare, ta duba aikin makarantar yara, ta yi wanki, ta kwanta ƙarfe goma sha ɗaya. Lokacin da take da cikin fari tana amarya, rabin waɗannan ayyuka ba su kanta. Cikin bai canza hali ba. Ranarta ce ta cika har ba sauran wurin hutu.

3. Gajiyar da Take Ɓoye Ciwo

Gajiyar da aka saba da ita takan ragu idan mace ta ci, ta sha ruwa, ta kwanta. Wadda ba ta raguwa da hutu, ko take ƙaruwa kullum, tana bukatar bincike a asibiti. Ga manyan dalilai da ma'aikatan lafiya sukan duba.

(a) Ƙarancin jini. Wannan shi ne kan gaba a ƙasarmu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kimanin shida cikin kowace goma na masu juna biyu a Nijeriya suna da ƙarancin jini. Alamunsa sun haɗa da jiri, haki bayan ɗan tafiya, bugun zuciya da sauri, da farin tafin hannu da cikin fatar ido. Wata alama da ba a cika lura da ita ba ita ce kwaɗayin cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara. A awon jini, idan himogulobin ya gaza 11, wato PCV ƙasa da 33 ke nan, jinin ya yi ƙasa. Idan ya gaza 7, wato PCV kamar 21, ya yi tsanani. Mace mai ƙarancin jini ba ta da abin da za ta jure da shi idan ta zubar da jini wurin haihuwa, abin da wata za ta zubar ta tashi, ita zai iya kayar da ita.

(b) Zazzaɓin cizon sauro. A jikin babbar mace da ta girma a inda sauro yake, ƙwayoyin cutar suna iya taruwa a mabiyiya ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. Suna cinye jini a ɓoye, suna kuma hana jariri girma. Tsutsar ciki ma tana shan jini, musamman ga masu aiki a gona ba takalmi.

(c) Hawan jini na ciki. Yakan bayyana bayan mako na 20. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, sai an bi shi a hankali, domin yana iya kai wa ga jijjiga.

(d) Ciwon sukari na ciki. Yana iya zuwa da kasala, ƙishirwa da yawan fitsari, yana kuma iya zuwa ba wata alama. Akan gwada shi tsakanin mako na 24 da na 28.

(e) Raunin zuciya. Akwai wani ciwon zuciya da yake kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko na jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ya yawaita a arewacin ƙasar nan. Alamunsa su ne gajiya mai tsanani, kumburin ƙafafu, tari da dare, da kasa numfashi idan an kwanta sai an tokare da matasai.

(f) Matsalar maƙogwaro. Idan halittar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, ba ta aiki sosai, mace takan ji sanyi, nauyin jiki da mantuwa. Gwajin jini ne yake nuna wannan. Amfani da gishiri mai aidin yana cikin hanyoyin kariya.

(g) Damuwa mai zurfi. Kimanin ɗaya cikin goma na masu juna biyu a duniya suna fama da ciwon damuwa, adadin kuma ya fi haka a ƙasashe masu tasowa. Macen da cikin ya zo mata ba shiri, ko take jin kunyar ɗaukar ciki ga 'ya'ya manya, ko take tunanin kuɗin makaranta, tana iya rasa barci, rasa sha'awar kome, da yin kuka ba dalili. Idan haka ya wuce mako biyu, ciwo ne da ake magani, a faɗa wa ma'aikacin lafiya.

4. Alamun da Ba a Jira da Su

Idan gajiya ta haɗu da ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne:

Zubar jini, kome ƙanƙantarsa.
Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi dishi.
Kumburin fuska da hannuwa.
Zazzaɓi, ko jijjiga, ko suma.
Haki ko kasa numfashi alhali ana zaune.
Ciwon ciki mai tsanani, ko fashewar faya kafin lokaci.
Raguwar motsin jariri ko tsayawarsa.

Kowane gida mai mace mai ciki ya kamata ya san tun da wuri asibitin da za a je, abin hawan da za a samu da dare, kuɗin da aka keɓe, da mutum ɗaya ko biyu da suka yarda su ba da jini idan bukata ta taso.

5. Zuwa Awo

Mata masu yawan haihuwa su ne suka fi jinkirin zuwa awo, domin suna ganin sun san hanya. Amma sanin hanya ba ya auna jini. Tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas: na farko cikin makonni 12 na fari, sa'an nan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40.

'Yar'uwa, idan kin je, kada ki tsaya ga miƙa hannu a auna kawai. Ki faɗa wa nas ko ungozoma a fili cewa gajiyarki ta wuce ta sauran cikinki. Ki tambayi adadin jininki, ki sa a rubuta miki a kati, domin ki kwatanta da na zuwa na gaba. Ga abubuwan da za ki sa ran samu:

Ƙwayar ƙarin jini. Shawarar ita ce miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe tare da folik asid kowace rana har ƙarshen ciki. Wadda jininta ya riga ya yi ƙasa akan ƙara mata, wani lokaci kuma a ba ta ta jijiya a babban asibiti. Ƙwayar tana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Idan tana tayar miki da zuciya, ki sha ta da dare ko bayan ɗan abinci. Kada ki sha ta da shayi ko madara, gama suna hana jiki karɓarta. Ruwa ko lemun zaƙi ya fi. Zancen da ake yi cewa tana sa jariri ya yi ƙato har haihuwa ta gagara ba shi da tushe. Mai ciwon sikila kuwa kada ta sha sai likita ya gwada ya ce ta sha.

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Daga mako na 13 ana ba da maganin da aka fi sani da Fansidar, da tazarar aƙalla wata ɗaya, sau uku ko fiye kafin haihuwa. A haɗa da kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare.

Maganin tsutsar ciki, wanda akan bayar bayan watanni uku na fari a wuraren da tsutsar ta yawaita.

Awon hawan jini da gwajin fitsari a kowane zuwa.

6. Abinci da Abin Sha

Uwa mai hidima takan raba wa kowa abinci, ita ta ci ragowa a tsaye. A lokacin ciki dole wannan ya canza. Ba a bukatar cin na mutum biyu. Daga wata na huɗu ƙarin ɗan ƙaramin abinci ɗaya a rana ya isa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne irin abin da ake ci da kuma lokacin cinsa.

A ci kaɗan kaɗan sau biyar ko shida a rana maimakon a wuni da yunwa a cika ciki da dare. Kada a fita aiki da ciki wofi. A sa gyaɗa, dafaffen ƙwai, ayaba ko ƙosai a jaka.

Abincin da yake gina jini yana nan a kasuwanninmu: nama, kifi, ƙwai, wake, waken suya, zogale, alayyaho, rama, ugu, da miyar kuka. Gero, dawa da acca ma suna da nasu amfani. Jiki ya fi karɓar ƙarfen da ke cikin ganye da wake idan an haɗa su da lemu, gwaiba, mangwaro ko ɗanyen tumatir. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin cin abinci da shan shayi.

A sha ruwa kofi takwas zuwa goma a rana, fiye da haka a lokacin zafi ko aikin gona. Fitsari mai duhu alama ce cewa ruwa ya gaza, ƙarancin ruwa kuwa yana kawo ciwon kai da kasala.

7. Barci da Hutu

Jiki magayi, in ji masu iya magana. Idan ya ce a kwanta, a kwanta. Ga hanyoyin da suke taimako:

A tsayar da lokacin kwanciya, a matso da shi gaba da awa ɗaya. Aikin da bai ƙare ba kafin ƙarfe tara na dare ya jira gobe.

A nemi minti 20 zuwa 30 na kwanciya da rana. Malama tana iya samunsa bayan tashi daga makaranta kafin ta ɗora tukunya. Mai rumfa tana iya barin maƙwabciya ta duba mata. Ko barci bai zo ba, miƙe ƙafafu a bisa kujera yana rage kumburi.

Daga mako na 28 a riƙa kwanciya a gefe, da matashi tsakanin gwiwoyi. Kwanciya rigingine tana sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da take mayar da jini zuwa zuciya. Idan kin farka kin ga kina rigingine, ki juya kawai.

A sha yawancin ruwa da rana, a rage shi dab da kwanciya. A ci abincin dare da wuri saboda ƙwannafi. A ajiye waya nesa da gado.

Wadda aikinta na zama ne, kamar ɗinki ko ofis, tafiya a ƙafa ta minti 20 zuwa 30 da yamma takan ƙara mata ƙarfi da daɗin barci. Wadda take noma, ɗiban ruwa da ɗaukar itace ta riga ta yi fiye da abin da ake bukata. Nata shi ne ta rage, ta guji aiki a tsakar rana da ɗaukar kaya masu nauyi.

8. Sauke Kaya

Wannan shi ne sashen da ya fi wuya, domin ya shafi hali. Ki ɗauki takarda ki rubuta dukan abin da kike yi a mako. Ki raba shi gida uku: abin da ke kaɗai za ki iya yi, abin da wani zai iya yi, da abin da zai iya jira har bayan jego. Za ki tarar gidan farko ya fi sauran ƙanƙanta.

Yaro mai shekara goma yana iya wanke kwanuka, share tsakar gida, da wanke kayan makarantarsa, namiji ne ko mace. Ba zai yi kamar yadda kike yi ba. Ki bar shi ya koya. A dafa miya mai yawa lokaci ɗaya, a kai niƙa inji maimakon daka, a yi yankan kayan miya a zaune. Gayyatar biki, anko da tarurruka a zaɓi waɗanda suka zama dole.

Ma'aikaciya ta san haƙƙinta. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace hutun mako shida kafin haihuwa, idan ta kawo takardar likita, da mako shida bayan haihuwa, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki a wurin. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da hutun da ya fi wannan tsawo, waɗansu jihohi kuma, kamar Legas da Kaduna, sun ƙara wa ma'aikatansu zuwa wata shida. Mata da yawa sukan tara dukan hutun sai bayan haihuwa, su yi aiki har ranar naƙuda. Idan jiki ya gaza, gara a ɗauki wani sashe tun kafin lokacin.

9. Aikin Maigida da na Zumunta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida, matarka da ta haifa maka huɗu ba tare da ƙara ba, idan yau ta ce ba ta iyawa, ka gaskata ta. Ka raka ta awo ko sau ɗaya, ka ji adadin jininta da kunnenka. Ka ɗauki kai yara makaranta da ɗiban ruwa. Ka tabbata nama da ƙwai suna shiga kwanonta. Ka kuma tsaya mata a gaban dangi idan aka fara cewa ta cika son jiki. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu sun haihu. Wanda yake da wannan dama ya yi amfani da ita a gida.

A ikilisiya kuma, sau da yawa waɗannan mata su ne shugabannin zumunta, ma'aji, mawaƙa, da masu dafa abincin taro. Ya dace shugabanni su sauke musu wani sashe na hidimar ba tare da sun roƙa ba, su kuma tabbatar musu cewa matsayinsu yana jiransu. Doguwar tsayuwa, addu'ar kwana da dogon azumi ba su dace da mai ciki da take fama da gajiya ko ƙarancin jini ba. Kada a sa ta ji kamar ta ja da baya domin ta zauna ko ta ci abinci. Luka sura 1 ta ba mu labarin Alisabatu, wadda ta ɗauki ciki da tsufanta: ta keɓe kanta wata biyar, 'yar'uwarta Maryamu kuma ta zauna tare da ita wajen wata uku. Mun saba kai gudummawa ranar suna. Ya kamata mu fara kai ta tun ciki yana wata bakwai: wata ta kawo miya, wata ta ɗauki wanki, wata ta kwashi ƙananan yara na wuni guda.

10. Abubuwan Gujewa

Goro, kofi, shayi mai kauri da lemunan ƙara kuzari suna ɗauke da kafeyin. Yana ɓoye gajiya na ɗan lokaci, ya hana barci da dare, yawansa kuma yana da illa ga jariri. A rage su ƙwarai, lemunan ƙara kuzari kuwa a bar su gaba ɗaya.

Haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis ko wurin masu talla yakan ƙunshi magungunan da suke cutar da ƙodar jariri da zuciyarsa, musamman a rabin ciki na biyu. Kada a sha wani magani sai wanda ma'aikacin lafiya da ya san da cikin ya rubuta.

Jiƙe jiƙe da saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba, giya da burkutu, duk a nisance su.

Lemun malt da madara yana da daɗi, yana kuma ba da ɗan ƙarfi saboda sukarin da ke ciki, amma ba ya ƙara jini kamar yadda ake faɗi. Kuɗinsa ya fi amfani a kan ƙwai, kifi da wake.

Farar ƙasa tana hana jiki karɓar sinadarin ƙarfe, an kuma sami dalma a cikin waɗansu irinta. Mai kwaɗayinta ta je a auna jininta.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Waɗanne maganganu ne ake faɗa wa mace mai shekaru idan ta sami ciki, waɗanda suke hana ta neman taimako?
2. Ta yaya za a bambanta gajiyar da aka saba da ita da ta ƙarancin jini?
3. Me ya sa waɗansu mata suke daina shan ƙwayar ƙarin jini, me za mu faɗa musu?
4. Waɗanne ayyuka ne 'ya'yanmu maza za su iya ɗauka a gida?
5. Idan ɗaya daga cikinmu ta fara zubar jini da ƙarfe biyu na dare, wa za a kira, da wane abin hawa za a tafi, zuwa wane asibiti?

Kammalawa

Mun ga cewa gajiyar mai juna biyu tana da dalilai a cikin jiki, shekaru da yawan haihuwa kuma suna ƙara mata nauyi. Mun ga cewa wani lokaci ita ce alamar farko ta ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini ko raunin zuciya, waɗanda duk ana iya gano su a wurin awo a kuma yi maganinsu. Uwar da ta huta, ta ci, ta sha maganinta, tana kiyaye ran jaririn da ke cikinta, tana kuma kiyaye wa sauran 'ya'yanta uwarsu.

Aikin Yi

Kafin taro na gaba, kowace zumunta ta rubuta sunayen masu juna biyu da ke cikinta, ta sa mata biyu su riƙa ziyartar kowace ɗaya sau ɗaya a mako. A ziyarar farko a yi mata tambayoyi uku: Kin fara zuwa awo? Nawa aka ce jininki? Wane aiki za mu ɗauke miki a wannan mako?